Ranar da Na Ja wa Yakubu Salla

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi, sunayen sauran mutanen ma na sauya su. A sakandare dai Rediyo ake ce mini, saboda idan na buɗe baki sai an kaɗa ƙararrawa nake rufewa. A Lafia aka haife ni, a gidan mutunci. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Iya ce ta riƙe mu da sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne don kada wani yaro ya karanta ya ce talauci ne ya tura ni. Bakina ne ya kai ni inda na je.

Da wasa na fara. In shirya labari a aji, a yi ta dariya, wani ya miƙo mini ƙosai. Daga nan na lura cewa idan na haɗe fuska na faɗi abu, ko ni na ƙirƙiro shi, mutane suna ɗauka. Daɗin da na ji a wannan ya fi na ƙosan.

Abokin zamana a benci Yakubu ne, ɗan ƙauyen Adogi, yaro marar magana. Mahaifinsa shi ne shugaban manoman ƙauyensu. Duk dawowa daga hutu sai ya kawo wa Iya doya, ita kuma ba ta kiransa da komai sai ɗana. Da muka gama makaranta ya koma gona, ni na shiga kasuwa dillancin riɗi. A can na koyi zuba ɗan yashi a buhu. Da farko a tsorace nake yi, daga baya ina yi ina waƙa.

Sai na koma harkar taki tare da wasu abokan dillanci. Mukan samo buhunan taki na gaske da aka juye, mu cika su da farar tsakuwa niƙaƙƙiya, mu yayyafa na kirki a sama, mu ɗinke. Da damina ta ƙarato na hau babur na tafi Adogi. Yakubu ya kai ni gaban mahaifinsa ya ce, “Baba, wannan ɗan'uwana ne, idan ya cuce ku ni na cuce ku.” Tsohon ya tara manoma, suka kwashe kayan ba tare da sun kwance buhu ko ɗaya ba. A shekarar masararsu ta yi rawaya tun ba ta kai gwiwa ba. Ni kuwa na karya layin wayata na tsallaka wata jiha, na ci gaba da sana'ata, har ranar da wani manomi ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu. A can aka kama ni, a can aka ɗaure ni.

Ba zan daɗe a kan gidan yari ba. Wuri ne da surutu ba ya sayen komai. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya ya gyara mini alwala da karatun salla, don ashe duk girmana ban iya ba. Yayana sau ɗaya ya zo, ya tsaya ta bayan shingen waya ya ce Iya ta rasu, ya juya. Na yi kuka irin wanda ban san ina da shi ba.

Da aka sake ni na kasa shiga Lafia. Na sauka a garin Obi, na samu aikin ɗaukar buhu a injin casar shinkafa. Na tuba, Allah shi ne shaida. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai, in ga Yakubu in ce ya yafe mini. Adogi kuwa ba ni da ƙafar zuwa.

Wata rana aka aike ni Lafia sayen bel ɗin inji. Ina tsaye a tasha sai na ji an rungumo ni ta baya. Danjuma ne, ɗan ajinmu, ɗan ƙabilar Eggon, Kirista, ya yi tumbi ya yi sanƙo, har yau yana haɗa Hausa da Turancin buroka.

“Rediyo! Alhaji Rediyo! Yaushe ka dawo? Na wa o, ko waya babu!”

Ban kawo komai a raina ba, ai a tasha kowa Alhaji ne. Ya ce shi ne ciyaman na 'yan ajinmu, za su yi taron haɗuwa a tsohuwar makarantarmu, har an fitar da anko. Na tambaye shi ko Yakubu zai zo. Ya ce kowa zai zo. Ya buɗe bayan motarsa ya danƙa mini yadi ya ce, “Naka firi ne, kai babban baƙo ne.” Na tsaya riƙe da yadi ina kallon motarsa har ta ɓace, ina tunanin tun yaushe tsohon fursuna ya zama babban baƙo.

Ranar taro na shiga makarantar a shirye nake a tofa mini yawu. An kafa kanofi a ƙarƙashin mangwarorin da muke sata muna yara, kowa cikin shuɗin yadi iri ɗaya, kai ka ce an mayar da mu yunifom bayan mun tsufa. Ina shiga wuri ya ɗauki ihu. Aka tayar da wani daga kujerar gaba aka zaunar da ni. Talatu, wadda a da ko kallona ba ta yi, ta zo da jikarta a hannu ta ce, “Alhaji, ina tsarabarmu? Ko dabino babu, ko zamzam?”

Na ce, “Wane dabino?”

“Ji shi fa! Duk shekarun da ka yi a Saudiyya!”

Wani ya ce a Jidda nake ko a Makka. Wani ya ce in yi musu Larabci su ji. Wani ya ja ni gefe yana tambayar yadda zai tura ƙaninsa can aiki. Na dinga duba fuskokinsu ina neman inda dariyar mugunta za ta ɓullo, don na ɗauka haɗa baki suka yi su wulaƙanta ni. Babu. Da gaske suke. Na tambayi Danjuma wa ya ce ina Saudiyya, ya ce, “Ai kowa ya sani.”

Ga abin da ya fi ba ni tsoro. Talatu ta sake tambayata yadda Ka'aba take idan mutum ya gan ta ido da ido, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na fara ba su labari, suka yi tsit, wuyansu ya miƙo. Tsohon daɗin nan ya taso mini. Ina cikin magana na hango Yakubu a kujerar ƙarshe, ya rame, gemunsa ya yi fari, yana kallona. Labarin ya mutu a bakina.

Na taka na je wurinsa. Ya miƙo hannu ya ce, “Ka dawo lafiya?” Na ce lafiya. Kafin in ƙara kalma aka janye ni ɗaukar hoto. Daga hoto sai abinci, daga abinci sai jawabi. Duk lokacin da na nufe shi sai wani ya tare ni da Alhaji kaza, Alhaji kaza. Shi kuma bai ce wa kowa komai ba. Na kasa gane ko jira yake a cika a batse sannan ya tona ni, ko kuwa shi ma ya yarda da zancen Saudiyyar.

Da la'asar ta yi aka shimfiɗa tabarmi a gaban ajinmu na da. Aka tayar da iƙama, aka tsaya kallon-kallo a kan wanda zai shiga gaba. A wurinmu idan akwai wanda ya dawo daga ƙasa mai tsarki, shi ake turawa don neman albarka. Danjuma, da ba ma sallar zai yi ba, ya ɗaga murya daga ƙarƙashin kanofi, “Abeg, me kuke jira? Ga mutum ya zo daga Makka direk!” Hannaye suka tura ni. Na waiga, sai ga Yakubu a sahun farko, daidai bayana.

Na ɗaga hannu zan yi kabbara, na kasa. Na juyo na fuskance su.

“Jama'a, ku saurare ni. Ban taɓa zuwa Saudiyya ba. Ko jirgi ban taɓa hawa ba. Gidan yari nake. Takin ƙarya na sayar wa mutane aka ɗaure ni.”

Sai wani ya fashe da dariya, sahu duka ya ɗauka. Daga bayan mata na ji Talatu tana cewa, “Wallahi Rediyo bai canza ba! Don kar ya ba mu tsaraba ne!” Na rantse musu da Allah. Rantsuwar ta ƙara musu dariya, don haka nake rantsuwa a aji idan zan shirga babba. Hawaye ya zubo mini, wani ya ce, “Kai, har da aktin!”

Na nuna Yakubu na ce, “Ku tambaye shi. Shi na fara cuta.”

Duk aka juya gare shi. Na ji sanyi a raina, na ce yau za a gama. Yakubu ya dube ni, ya dube su, ya gyara tsayuwarsa ya ce, “Ku rabu da shi, kun san halinsa. Alhaji, lokaci yana wucewa.”

Haka na juya na kabbarta. Ban san abin da na karanta ba. Mutumin da na kashe wa gona yana bayana, in na sunkuya ya sunkuya, in na ɗago ya ɗago. A tsakiya lissafi ya ɓace mini, na zauna inda ya kamata in miƙe. Murya ɗaya ce ta ce “Subhanallah,” a hankali, kuma tasa ce. Na miƙe.

Bayan an watse na same shi a bakin ƙofa yana ɗaure ledar abinci a bayan babur. Na ce, “Yakubu, don Allah, ka san inda na je ko ba ka sani ba?”

“Na sani. 'Yan sanda har Adogi suka zo tambaya.”

“To me ya sa ka ƙaryata ni?”

Ya gama ɗaurinsa tukuna. Ya ce bayan abin ya faru an sauke mahaifinsa daga shugabanci, tsohon bai sake magana a taro ba har ya rasu. Shi kansa ya bar Adogi, yanzu a wajen Ashige yake noma a gonar aro, don a garinsu ko ya ce rana ta fito sai an leƙa. Ya ce da ya ji an ɗaure ni ya zo gidanmu da niyyar ya tara unguwa ya faɗa musu ko ni wane ne. Ya tarar da Iya a kwance, ciwo ya ci ta. Ashe ta riga ta gaya wa maƙwabta cewa na tafi Saudiyya neman arziki.

“Ta riƙe hannuna ta ce, ɗana, abu biyu nake roƙonka. Ka bar maganar nan yadda na ajiye ta, kuma ka yafe masa.”

Na durƙusa a ƙasa cikin sabon yadina. Na ce, “To ni ma shi na zo roƙo. Ka yafe mini.”

Ya hau babur ɗinsa. Ya ce, “Na farkon na ɗauka, kuma ka ga ina riƙe da shi. Na biyun na ce mata zan gwada. Ina kan gwadawa.” Ya tayar da inji, sannan ya ƙara da cewa, “Kar ka sake faɗin wancan zance a gaban mutane. Ba don kai nake rufewa ba.”

Na koma Obi kaina a ɗaure, har yau kuma bai kwance ba. In na yi magana na tona abin da uwata ta rufe da sauran numfashinta, na kuma zubar da wahalar da Yakubu ya sha yana riƙe mata. In na yi shiru ina zaune a cikin ƙarya, ni da na tuba daga ƙarya. 'Yan ajinmu sun sa ni a guruf ɗinsu na waya, duk Juma'a sai sun ce in yi musu addu'a. Ina yi, don ban san abin da zan yi ba bayan wannan.

Ku yara masu kaifin baki, da ku nake. Idan ka shirya ƙarya aka yarda ka ji daɗi, ka ji tsoron wannan daɗin, don ni daga shi na fara. Kada ka cuci wanda ya tsaya maka, domin sunansa yake ba ka aro, kuma in ka ɓata shi ba ka da inda za ka samo masa wani. Alƙali ya yanke mini shekaruna, na yi su, an buɗe mini ƙofa na fita. Wannan kuwa babu wanda ya faɗa mini ranar ƙarewarsa. Duk wayar da ta shigo sai na duba ko Yakubu ne, kuma har yanzu bai kira ba.