Rayuwar Baba Mai Inji, Wanda Ya Bauta wa Ubangiji Daga Bayan Bango

Haihuwarsa

An haifi marigayin da kowa ya sani da Baba Mai Inji a ranar 4 ga watan Maris na shekarar 1951, a gida na biyu daga ƙofar majami'a, a garin da ya rayu kuma ya rasu a cikinsa. Mahaifiyarsa mai ɗinki ce. Mahaifinsa shi ne mai buga ƙararrawar majami'a, mutumin da ya shekara talatin yana kiran jama'a sujada, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana hararar masu latti har a tashi. Daga wurinsa marigayi ya gaji aƙidar cewa cikin majami'a wurin waɗanda ba su da aikin yi ne.

Karatu da sana'a

Ya kammala firamare a 1964, aka yi masa baftisma a 1966, daga nan ya shiga gareji ya koyi aikin kanikanci. Daga Litinin zuwa Asabar yana ƙarƙashin mota. A shekarar 1976 ikilisiya ta sayi tsohon janareta saboda lasifika da fankoki, dattawa suka damƙa masa kula da shi na wata uku kafin a sami wani. Ba a taɓa neman wanin ba. Aka gina wa injin ɗan ɗaki a bayan bangon da ke daura da mumbari, marigayi ya ajiye kujera a ciki, ya shekara arba'in da biyu a kanta duk ranar Lahadi, cikin ƙara da hayaƙi.

Aurensa

A ranar 10 ga Fabrairu, 1979, ya auri wata ma'aikaciyar jinya wadda daga baya ikilisiya ke kira Mama Nas. Ana tsakiyar alkawari injin ya yi tari ya mutu, ango ya bar amarya tsaye a gaban fasto har minti ashirin. Da ya dawo ya sa mata zobe da hannu mai baƙin mai, tabon yana jikin rigar amarcinta har yau. Tun daga Lahadin da ta biyo baya Mama Nas ta riƙa ajiye jakarta a gefenta, a benci na uku, tana hana kowa zama, wai wurin maigidanta ne. Buƙatarta ɗaya ce: ya zauna kusa da ita ya ji Maganar Allah daga farko zuwa ƙarshe, ko da sau ɗaya, kafin ya je ya sadu da Mai Maganar.

Hidimarsa

Fastoci bakwai ya yi zamani da su, bai ji wa'azin ko ɗaya ba, amma ya san kowannensu da yawan man inji da wa'azinsa yake ci. Yakan ce wane mutumin kirki ne, rabin galan. Wane kuwa galan biyu, idan Ruhu ya sauko har da ƙari. A gida, idan Mama Nas ta fara addu'ar safe, yakan faɗi amin tun tana tsakiyar roƙo, mukullin gareji yana hannunsa. Idan ta yi ƙorafi sai ya ce ba don shi ba wa zai ji wa'azin, Ubangiji kuma ya san inda yake.

A shekarar 2001 ikilisiya ta ba shi lambar girmamawa ta wanda bai taɓa fashin sujada ba. Wajibi ne a rubuta wannan a fili, domin abin kunya ne: dattawa goma sha biyu suka sa hannu a takardar, ba wanda ya tambaya ko mutumin ya taɓa shiga ciki. Fanka tana juyawa, iska tana ratsa su, shi ke nan hankalinsu ya kwanta game da ransa. Ko lambar ma a ɗakin inji aka kai masa.

Shekarunsa na ƙarshe

A watan Agusta na 2018 likita ya hana shi shaƙar hayaƙi saboda ciwon ƙirji. Lahadin farko ta Satumba Mama Nas ta ɗauke jakarta daga benci, ya zauna. Fasto bai yi minti biyar da fara wa'azi ba injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Marigayi ya san filogi ne, kuma sifana tana aljihunsa. Ikilisiya duka ta juyo tana kallonsa, har da faston. Ya yunƙura, Mama Nas ta ɗora hannu a gwiwarsa. Ya daɗe a haka, rabi a tsaye rabi a zaune, sannan ya koma ya zauna.

"Ku bar shi ya huta," in ji shi. "Fasto, ɗaga murya, ina jin ka."

Aka ƙarasa sujada cikin gumi. A hanyar gida ya tambaye ta ko duk Lahadi irin wannan maganar ake yi a ciki, ta ce tun kafin ta zo gidansa.

"Kuma ba wanda ya zo ya gaya mini?"

"Na gaya maka, Baban yara. Injin ne ya fi ni murya."

Lahadi talatin da ɗaya ya yi a bencin nan. Ya daina faɗin amin kafin lokaci, ko da yake har ƙarshe yana cewa wannan faston galan ɗaya da rabi ne.

Rasuwarsa

Ya rasu da safiyar Talata, 9 ga Afrilu, 2019, yana da shekara sittin da takwas. An yi sujadar jana'izarsa ranar Asabar ba lasifika, bisa wasiyyarsa, aka binne shi kusa da mahaifinsa.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: babban, wanda ya gaji ɗakin inji, na biyu, mai tsara motoci a harabar majami'a, ta uku, mai kula da ƙananan yara a ajin baya, ta huɗu, mai dafa wa baƙi abinci lokacin sujada, da autan, mai ɗaukar hoton wa'azi domin wasu su kalla. Ikilisiya tana yabon dukansu matuƙa. Mama Nas ta mayar da jakarta kan benci na uku.