Faifan Robar Maliki

Shekara ashirin Maliki ya yi a bakin ruwan Warra yana gyaran injin kwale-kwale, kuma abu ɗaya ya koya a cikinsu: ruwa ne abokin gaba. Duk noti, duk murfi, sai ya yanko faifan roba ya ɗora a ƙarƙashi kafin ya ɗaure. Masunta ba su taɓa kuka da shi ba. Da ya tsaya nan da ya tsufa da mutuncinsa.

Sai girman kai ya ɗebe shi ya kawo Yelwa. Ya kafa rumfa daura da tasha, ya sa aka rubuta masa Injiniya da jan fenti, ya rataya a jikin ginshiƙi tsohon tub ɗinsa na tayar babur, wanda ya sha yanko faifai a jikinsa har ya koma kamar rariya. A wurinsa mota kwale-kwale ce da aka sa wa taya. Burinsa ɗaya ne, direbobin tasha su bar Jacob, mai gyaran wayar mota na tsallaken titi, su dawo wurinsa. Wai shi ba zai yi gogayya da ɗan manoman tudu ba, mai tambayar na'ura abin da kunne ke ji. Har uku daga cikin direbobin sun fara ajiye masa motoci.

Ana haka Hajiya Suwaiba, mai safarar bandar kifi daga Warra, ta kawo motarta. Ta ratsa ruwa a hanya, fitilar gargaɗi ta kama, motar ta daina ja. Maliki ya lalubo wata 'yar sensa da ke manne a jikin inji, ya ga ta jiƙe, ya sayo sabuwa. Aikin sensar nan sauraro ne. Tana jin bugun da bai dace ba a cikin inji ta kai wa ƙwaƙwalwar mota labari, in kuwa ƙwaƙwalwar ta ji shiru sai ta tsorata ta rage ƙarfi. Dole ƙarfenta ya taɓa ƙarfen inji. Gogan naka ya yanko roba mai kauri ya shimfiɗa mata, ya ɗaure tamau, yana jin kansa.

Fitila ba ta mutu ba. Ya canja fulogi, ya canja famfon mai. Kasuwa biyu ta wuce Hajiya, kifinta na ta ƙwari a kwali. Ran nan ya share hannu ya ce sai an sauke inji.

"Ba ka sauke min komi," in ji Hajiya. Ta leƙa tsallake ta kira Jacob.

Jacob ya jona na'urarsa, direbobi suka zagaye. Ya bi waya da ɗan yatsa har gindinta, lafiya lau. Ya kwance sensar, sai ga faifan roba ya faɗo a tafinsa.

"Hajiya, an toshe mata kunne ne," ya ce a hankali.

Ya goge wurin, ya mayar da ita ƙarfe kan ƙarfe. Aka ta da mota, fitila ta mutu.

"Wa yas sa wanga abu?" Hajiya ta tambaya.

"Daga kamhwani haka ta zo," in ji Maliki, ko kunya babu.

Hajiya ba ta yi musu da shi ba. Ta karɓi faifan, ta taka zuwa ginshiƙi, ta bi ramukan tub ɗin ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya zauna cif.

Ba wanda ya zage shi, kuma hakan ya fi masa ciwo. Direbobin nan uku suka shiga rumfa, kowa ya zare makullinsa daga jikin ƙusa. Motar da ba ta tashi ba suka haɗu suka tura ta tsallaken titi. Maliki na tsaye a ƙarƙashin allonsa, ya bi bayansu da murya.

"To amma ku duba, ruwa ya shiga?"

Ba wanda ya waiwayo.