Takwas, Ka Faɗi a Shida

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mai tsara faɗa a kamfaninmu na shirya finafinai, wanda kowa ke kira Takwas. A gabana ya faɗi, a kan katifar atisaye.

Yaya Takwas, shekara ashirin da uku ina shan duka a hannunka, amma ko sau ɗaya hannunka bai taɓa jikina ba. Ni ne Bos, mugun da ake kayarwa a ƙarshen kowane fim, kai kuwa kai ke tsara yadda za a kayar da ni. Ba makaranta ka je ka koyo ba. Tsoffin kaset-kaset na finafinan kunfu na 'yan China ne malamanka. Za ka kalli naushi guda sau talatin, kana mayar da kaset baya, kana zana 'yan mutane masu ƙafafun tsinke a littafi. Daga nan ka gano cewa masu faɗan nan ƙidaya suke yi kamar masu rawa: ɗaya naushi, biyu karewa, uku juyi, har zuwa takwas, inda wanda aka doka zai faɗi. Abin da ya jawo maka sunan ke nan, har 'ya'yanka ma Baba Takwas suke cewa.

Kana da tsanani, wannan ba zan ɓoye ba. Sau nawa ka ce ina faɗuwa kamar buhun siminti? Kullum maganarka ita ce mai faɗuwa shi ke yin faɗan, jarumi hannu kawai yake miƙawa. Amma kai ne ka yayyanka soson tsohuwar kujerar mota ka ɗinka mana matashin gwiwa da hannunka. Ranar da wani jarumi mai ji da kansa ya fasa mini leɓe da gaske, ka tsayar da aiki, darakta na ta kumfar baki, ka ce kyamara ba za ta sake juyawa ba sai ya ba ni haƙuri a gaban kowa. Doka ɗaya ka kafa mana: duk wanda ya ji ciwo na gaskiya, ya bubbuga katifa sau biyu, a tsaya. In bai bubbuga ba, wasa ne.

To, ga abin da ya hana ni sukuni kwana tara, har na kasa haɗa ido da maiɗakinka.

Ranar nan faɗuwata ba ta yi maka ba, sai ka ce mu yi musayar wuri ka nuna mini. Ka fara ƙidaya, ina kai naushi, kana karewa. A shida na miƙa hannu, ya tsaya taƙi guda daga ƙirjinka kamar yadda ka koya mini, sai gwiwoyinka suka lanƙwashe, ka tafi ƙasa a hankali. Wallahi ban taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin wannan ba. Na riƙe ƙugu ina dariya.

"Tashi, Yaya," na ce maka. "Yau kai ma ka ɓata ƙidaya. Saura biyu."

Ba ka bubbuga katifa ba. Na tsaya ina jiran ka tashi ka zage ni. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba, minti ɗaya ne ko biyu, kafin na ga idonka ya kafe. Likita ya ce zuciya ce, kuma ko a asibiti ta same ka abin da zai faru ke nan. Na ji shi, amma raina bai karɓa ba.

Jiya na kai wa maiɗakinka littafin zanenka da takalminka na atisaye. Na durƙusa a bakin ƙofar falo na gaya mata komai, har dariyar. Na roƙe ta ta yafe mini. Ta shafa bangon littafin.

"Bos," ta ce, "mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana so kada a bambance faɗuwarsa ta wasa da ta gaske. Da ka gane, da ya ji haushinka. Tashi, ba ka yi masa komai ba."

Nan ne na yi kukan da na kasa yi ranar da muka kai ka.

Yaya, na yi kewarka, kewa mai ciwo. Yau da safe na shiga ɗakin atisaye, na tsaya a inda nake tsayawa, na fara ƙidaya da baki. Ban iya wuce shida ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka, da 'ya'yanka huɗu, da 'yan'uwanka, da duk wanda ya taɓa faɗuwa a kan katifarka ya tashi lafiya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.