Sista Angela a Ɗakin 'Yan Ga-ruwa

Na yi aiki da mutane da yawa a ƙaramin asibitinmu na Tungan Maje. Masu iya magana a taro sun fi yawa. Sista Angela ba ta cikinsu. 'Yar Zonkwa ce, mijinta bakanike ne a Zuba. Da shara ta fara a wani asibitin mishan, ta yi karatun kiwon lafiya da goyo a bayanta, sannan ta zo nan. Ni ke ɗakin magani, ita ke kula da masu tarin fuka. Ba ta yarda mutum ya sha magani sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa.

Musbahu ɗan ga-ruwa ne daga wani ƙauyen Katsina, yana tura kurar jarkoki. Gwaji ya nuna tarin fuka. Da farko kullum da safe yakan zo ya haɗiye ƙwayoyinsa a gabanta. Da ya ji sauƙi ya roƙi a riƙa ba shi na mako, tunda safiya ce kasuwar ruwa. Likita ya yarda.

Litinin na ba shi. Alhamis sai ga shi, wai ya ƙare.

"Ɓera ne ya cinye, Sista."

"Wannan ɓeran naka yana tari?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta ɗora shi a sikeli, ya ragu. Na ce a mayar da shi zuwan kullum kowa ya huta. Ta ce za a mayar, amma tana son ganin ɓeran. Ta ɗauki jakarta, ta ce in raka ta.

Ɗakin langa-langa ne a bayan rijiyar burtsatse. Suna da yawa a ciki, kuma komai nasu tare ne: garin kwaki, sabulu, cajar waya. A lungu wani dattijo na kwance, Lukmanu, kawun Musbahu, wanda ya kawo shi Abuja ya koya masa sana'ar.

Ba sai an tambaya ba. Musbahu ya sunkuyar da kai.

"Sista, ni na samu sauƙi, Kawu yana tofar da jini. In sha ni kaɗai yana kallona? Ko ƙuli-ƙuli ba na ci ban gutsura masa ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo jarka ta zauna. Ta ce rabi-rabin nan ba zai warkar da ko ɗayansu ba, sai dai cutar ta saba da maganin ta daina jinsa. Daga nan Musbahu zai koma baya, ya shiga wani magani mai tsawo da wahala. Shi kuma Kawu ba a gwada shi ba, ba a auna nauyinsa ba, ba wanda ya san abin da ya dace da shi.

Lukmanu ya ce, "Asibiti a kwantar da kai, wa zai tura maka kura?"

"Baba, ba kwanciya. Kaki kawai nake so." Ta miƙa masa 'yar kwalba.

"Gobe, in Allah ya kai mu."

"To, ina jira."

Ta matsa bakin ƙofa ta gyara zama. Rana na dukan langa-langa, ni gumi ya ishe ni. 'Yan ɗakin suka fara dawowa daga aiki suna so su tuɓe su watsa ruwa, ga mace zaune a ƙofa. Suka tsaya cirko-cirko.

Ɗaya ya ce, "Haba Kawu, ka tofa mata mana! So kake mu yi azahar da warin hammata?"

Wani ya ce, "Oga Lukmanu da ke tofa yawu ko'ina, yau an roƙe shi yana rowa."

Dattijon ya zage su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karɓi kwalbar ya zaga baya.

Gwajin Lukmanu ya nuna tarin fuka ne. Aka sake gwada Musbahu, cikin sa'a maganin bai daina yi masa aiki ba. Angela ta daina jiran su a asibiti. Da safe kafin ta shigo takan bi ta bakin burtsatse inda suke layin cika jarka, da ambulan biyu na magani, kowanne da sunan mai shi, ta tsaya har su haɗiye.

Musbahu ya gama nasa, gwajin ƙarshe ya fito lafiya. Lukmanu na da saura, yana sha yana mita. Ta gwada duk 'yan ɗakin ban da ɗaya da ya tattara ya koma Mararaba. Asabar ɗin nan ta ce za ta je nemansa.