Kifin da ya dawo cikin jakar Auta

Ranar ƙarshe, Auta ya gyara famfon tsakar gida da sassafe. Da hantsi ya tsokani babarsa, wai miyarta ta fi teku gishiri. Bayan azahar ya rataya jaka ya tafi.

Aikinsa tsince kifi a ƙaramin jirgin ruwa na wani kamfani: na sayarwa gefe guda, sauran a watsa ruwa. Amma in baƙuwar halitta ta faɗo raga, ba ya iya zubarwa. A kwalba yake kawo wa mahaifinsa, tsohon malamin ilimin halittu.

Wakilin kamfanin ne ya kawo jakar ranar ta'aziyya.

"Sai haƙuri, Baba. Dab da gaɓa suke, ruwa kwance. Santsi ne ya kwashe shi ya faɗa ruwa."

Malam ya zuge jakar. Cikin safa ya tarar da kwalba, da ɗan kifi baƙi ƙirin a cikinta, kusan duk jikinsa baki da haƙora, ga jerin ɗigon da ke haske lokacin da yake da rai. Irinsa yana zaune ne a zurfin da rana ba ta kaiwa, nesa da inda aka yarda ƙaramin jirgi ya je.

"Dab da gaɓa, ka ce?"

"Ƙwarai. Kawo ƙazantar nan in zubar maka."

"Bar ta."

Rigunan Auta an raba wa 'yan'uwa. Takalman roba babarsa ta riƙe. Kwalbar kuwa, Malam ya kai ta jami'a da kansa, don a tabbatar masa da zurfin da aka kamo kifin.