Mai Hana Kwakwa Ruwa

Shekarar da na daina ɗaga kwalaye a wani sito da ke titin Wendover, sai aka ɗora mini abin da ya fi kwali nauyi. 'Yar ƙanena, mai aikin jinya a nan ƙasar waje, birnin Greensboro, ta kawo saurayi. Ubanta ya bugo daga Zariya ya ce, "Yaya, kai ne idona. Ka binciko mini sana'ar yaron nan. In ka ce a ba shi, an ba shi. In ka ce a'a, magana ta mutu."

Yarinya ta rako ni har mota tana cewa, "Baba, don Allah ban da tsokana." Na ce haba, ni da tsokana? Yaushe?

Na same shi a wani ɗakin gilashi na jami'a, zafi kamar Sakkwato ana azumi. Ƙananan shukokin kwakwar manja ne jere a robobi. Na dama kore shar, na hagu kuwa ganye ya rataya kamar kunnen akuya.

"Malam, waɗannan fa? Famfo ne ya lalace?"

"A'a, Baba. Ni na hana su ruwa."

"Da gangan?"

"Da gangan. Sitires nake sa musu, wato matsi da damuwa."

Na yi salati. Ƙasar nan direba na da sitires, kyanwa na da sitires, yau kuma ga bishiya. Na tambaye shi ko ita ma ana kai ta wurin likita ta faɗi damuwarta.

Ya yi dariya ya shiga bayani. Bokona bai wuce firamare ba, amma ga abin da na kwaso. In fari ya zo, saiwa ce ke fara ji, sai ta aika saƙo sama. To a jikin bishiya akwai ƙwayoyin gado, wasunsu barci suke yi, ƙishirwa ce ke tashinsu. Wannan ya farka ya sa a rufe 'yan ƙofofin jikin ganye kada ruwa ya gudu, wancan ya tara wani abu mai kama da sukari don a riƙe ɗan danshin da ya rage. Girma kuwa sai a jingine shi tukuna. Shi aikinsa ya tsinki ganye, ya daskarar, ya duba su wa suka farka, don a gano irin da zai jure fari a gonakin kudu can gida.

"Wato a gidan kwakwa ma akwai masu tashi in abu ya ɓaci, akwai masu gyara kwanciya."

"Haka ne, Baba."

"Kai wanne ne?"

Ni kuwa na hango butar ban ruwa a gefe, na ɗauka, na nufi na hagun nan da fuskar tausayi. Kafin in karkata ta, yaro ya sha gabana. Ya durƙusa, zufa na zuba, ya san sarai aurensa na aljihuna.

"Baba, ka yi haƙuri, ba za a zuba ba. Wahalar da suka sha sai ta tashi a banza. Ranar Juma'a zan shayar da su da hannuna, in ga wadda za ta farfaɗo. Ka zo ka gani."

Na haɗe rai, na ajiye buta, na fita ba sallama. An ce mini ranar bai ci abinci ba. To, shi ma ya ɗanɗana.

Da yamma ƙanena ya kira.

"Yaya, me yake yi?"

"Asalin haƙuri yake bincike, a jikin kwakwa."

"Akwai abinci a ciki?"

"Akwai manja, nan gaba."

"A ba shi?"

"A ba shi. Na matsa masa, nasa ƙwayoyin sun farka."

Ranar Juma'a na je. Wasu sun miƙe, wasu sun tafi ke nan. Manjan miyar biki kuwa a kanti muka saya, don kwakwar ango ko gwiwata ba ta kai ba. Har yau in na je gidansu sai na ja amarya gefe, yadda zai ji, na tambaye ta ko ana dai ba ta ruwa.