Farin Kwanon Maƙwabciya

Ni 'yar fari ce, Umma kuma irin matan da ne masu alkunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in abin ya yi daɗi "wannan yarinyar". Tun ina taka kujera don in kai ga tukunya nake girki a gidanmu, ban taɓa jin ta ce ya yi daɗi ba. Ƙannena kuwa ko ruwan zafi suka dafa sai an sa musu albarka.

Shekarar da na kawo ta Doha don a yi mata aikin gwiwa, zuwanta ya faɗo a tsakiyar sanyi. Wanda bai zauna garin nan ba ba ya yarda ana sanyi. Gidajen don zafi aka gina su. A gidanmu na unguwar Al-Sadd tayil sai ka ce ƙanƙara, iskar teku kuma ta bi ta ƙasan ƙofa ta same ka har gado. Mura ta kama Umma, bakinta ya yi ɗaci. Likita ya ce ba za a taɓa gwiwar ba sai ta ci abinci ta yi ƙarfi.

Na zage damtse. Na yi farfesun kayan ciki, na yi miyar kuka da daddawar da ta zo da ita, na dama kunun tsamiya. Ta ɗan taɓa ta ture. "Ɗauke, na ƙoshi."

Ƙofarmu na kallon ta wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Tailan, musulma, gajera mai fara'a. Ta bango ta riƙa jin tarin Umma. Wani yammaci ana yayyafi ta ƙwanƙwasa, riƙe da farin kwano mai murfi. Miya ce ruwa-ruwa ta madarar kwakwa da kaza, da lemun tsami, da barkono, da ciyawar nan mai ƙamshi da muke jefawa a shayi. A raina na ce wannan ai ruwan wankin shinkafa ne, matar da ta ƙi farfesuna ina za ta kalle shi.

Sai da Umma ta ga ƙasan kwanon. Zufa ta tsattsafo mata a goshi, ta yaye bargo, ta kamo hannun baƙuwar.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya yi wa hannun nan albarka." Ta juyo gare ni. "Ke, faɗa mata."

Ni ce tafinta. Albarkar da nake jira tun ina yarinya, ni aka ba wa in juya ta zuwa Turanci in miƙa wa wata. Na ce wa matar, "Ta ce ta gode." Iyakar abin da ya iya fita ke nan.

Na yi kishi, ba na ɓoyewa. Kullum kwanon ya shigo sai in kau da kai, alhali ina murna Umma tana ci. Umma ta ce ba a mayar da kwano haka nan, ta zuba mata yajin da ta daka da hannunta ta kawo min tsaraba. Ta sa na tambaye ta miji da 'ya'ya, matar ta yi dariya ta ce babu ko ɗaya, Umma ta yi ta mata addu'ar samun nagari. Mijina ya ce, "Ke da digirinki kina gaba da kwano?" Ban kula shi ba har washegari.

Ana cikin haka hutun matar ya zo, za ta gida. Ban faɗa wa Umma ba. Na haɗiye girman kai na ce wa matar ta koya min miyar. Ta kai ni wani ɗan shago a unguwar Mansura muka sayo kayan haɗi, ta nuna min yadda ake bubbuga ciyawar kafin a jefa, da cewa sai an sauke ake matsa lemun. Kwanon kuma ya rage a wurinmu.

Ranar da ta tafi na rufe ƙofar kicin na dafa. Na juye a farin kwanon, na ɗora murfi, na ajiye a gaban Umma. Na koma bakin ƙofa na tsaya, hannuna na ƙamshin lemu.

Ta sha a hankali har ta gama. Ba ta ɗago ta dube ni ba, kwanon take kallo.

"Allah ya yi wa mai hannun nan albarka," in ji ta. "Allah ya ba ta masu yi mata kamar yadda ta yi. Allah ya shirya mata 'ya'yanta."

Maƙwabciyata ba ta da ɗa, kuma Umma ta sani, ita ta sa na tambaya. Nawa 'ya'yan biyu suna falo suna faɗa a kan rimot.

Na ce, "Amin."

"Ke," ta ce, "zo ɗauke kwanon nan."